Ruƙayya Mai Kifi da Dariyar Inna Kulu

Idan ka sauka a tashar Madarumfa ka ce a nuna maka Ruƙayya, za a tambaye ka: mai kifi ko mai bidiyo? Kada ka wahalar da kanka wajen zaɓe, mace ɗaya ce. Gajeruwa ce mai jiki, ana jin muryarta tun kafin a hango ta, kuma shekara goma sha bakwai ke nan tana suyar karfasa a gindin bedin da ke kan hanyar tafki, itacen nan da wasu ke kira dogon yaro. Kifin gado ne. Ubanta Mahaman masunci ne har ya koma ga Allah, uwarta Inna Kulu kuma ita ta fara kafa kasko a wurin tun Ruƙayya tana goye. Ruƙayya ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ta auri Ilyasu mai garkar salati da tumatir a bakin ruwa, ta haifi uku. Bidiyon daga baya ya zo, kuma ba sha'awa ce ta kai ta ba. Yayanta Usman ne ya ɗora mata.

Usman shi ne ɗan farin Inna Kulu. Ya tafi Abijan da niyyar shekara ɗaya, ya sami shago, aka kai masa mata daga Gabi, aka haifa masa 'ya, shekara ɗaya ta zama huɗu. Wata ranar kasuwa wani direban babbar mota ya tsaya a gindin bedi ya miƙa wa Ruƙayya ƙunshi. Ta kwance ta ga salula sabuwa fil, mai faɗin fuska. Bayan la'asar Usman ya kira.

"Ruƙayya, abu guda nike so," in ji shi. "Ba hoton gida ba, ba na tabki ba. Ki ɗauko mani Inna tana dariya. Wallahi jiya na zauna ina son in tuna yadda dariyarta take, na kasa."

Ruƙayya ta ce wannan ai aikin minti biyu ne, ya kwantar da hankalinsa. Da ta san shekara biyu zai ɗauke ta, da ba ta yi saurin baki haka ba.

Ba wai Inna Kulu mai rowar dariya ba ce. Tsohuwar nan in ta fashe da dariya sai ta dafa cinya, ta share hawaye da gefen mayafi, tana wayyo cikina, har maƙwabta su leƙo ta kan danga su tambayi abin da aka samu. Amma ta mutanen da ce, kuma a kunyar ɗan fari ba ta san sassauci ba. Tun da ta haifi Usman sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take cewa, ranar da ta ji daɗi ta ce "yayanku". In ya kira aka miƙa mata waya, sai ta riƙe ta nesa da kunne kamar garwashi, ta ce lafiya lau, ta mayar. In kiran mai nuna fuska ne kuwa, ƙeyarta kawai zai gani tana neman wani abin da bai ɓata ba. Ruƙayya ta san duk wannan, amma ta ɗauka tunda bidiyo ne, mutumin ba ya nan, abin zai zo da sauƙi.

Ta gaya wa Inna. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito cikin atamfar Sallah, ta zauna a kujera rana tana bayanta, ta ɗora hannu biyu a gwiwa kamar wadda za a ɗauki hotonta na kardante, katin shaidar ɗan ƙasa. Ta dubi bango ta ce, "A gaida mutanen can. Muna lahiya. Allah shi tsare." Ta tashi ta koma ta tuɓe atamfar.

Abin da salula ta kama kuwa sai wanda ya gani. Wani baƙin dunƙule ne a cikin hazo, iska tana buu, babban yatsan Ruƙayya ya cinye kusurwa guda. Usman ya duba ya sake dubawa, ya aiko da tambaya cikin ladabi: wace ce wannan?

Ruƙayya ta yanke hukunci nan take cewa an cuci yayanta, an sayar masa da salula mai ciwon ido. Duk abin da ta ɗauka hazo ne: akuya hazo, 'ya'yanta hazo, tafki da tsakar rana hazo. Ta matsa wa Ilyasu ya goya ta a moto har Ɗan Issa, wurin wani mai gyara da ake kira Shamsu. Ta aje masa salular a tebur ta fara zayyano laifinta. Shamsu ya ɗauka, ya juya, ya kai hanci ya sansana.

"Hajiya, kihi kike saidawa?"

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Salular ta hwaɗa mani."

Ya kama gefen rigarsa ya goge ɗan idon da ke bayan wayar, ya miƙa mata. Ta ɗaga ta ga kasuwar Ɗan Issa tangaran, har tana iya ƙirga gashin gemun wani mai canji da ke can tsallaken hanya. Man suya ne. Kullum da hannun da take juya kifi take ɗaukar waya. A hanyar komawa sau biyu Ilyasu yana tsayar da moto don dariya ta hana shi ganin gabansa, ita kuma tana dukan bayansa tana cewa ai shi ma da idonsa ya gani bai gane ba. Amma kafin su bar shagon Shamsu ya ba ta kyautar magana ɗaya: ta riƙa sa rana a bayanta, ta haska fuskar wanda take ɗauka, kada ta bar ta a bayansa.

Daga nan Ruƙayya ta ɗauki abin da zafi, yadda take ɗaukar komai. Ta ɗinka wa salula jaka, ta ware mata ƙyalle nata na kanta wanda ko ɗanta ya taɓa sai ya ji a jikinsa. Ta fara gwaji a kan waɗanda ba su iya ƙorafi: awaki, jiragen masunta, layukan salatin Ilyasu. Ta gane cewa hannunta yana rawa, sai ta koyi manne gwiwar hannu a haƙarƙari, yadda take yi in ta ɗauko kasko cike da mai mai zafi. In maganar za ta yi tsawo, sai ta kife turmi, ta ɗora kwanon gero a kai, ta soke wayar a kwance cikin geron. Ba ta motsi, kuma in kana son ka karkata ta sama ko ƙasa sai ka ɗan tura. Wani malamin lakwal ya taɓa nuna mata ƙarfe mai ƙafa uku da aka yi don wannan aikin, ta duba ta ce yana da kyau, amma in yunwa ta zo ba a daka shi.

Iskar tafki ta fi ba ta wuya. Wata guda tana tsammanin wayar ce ke gurnani. Ranar da ta lura cewa in ta juya wa iska baya gurnanin yana raguwa, ta nemi ɗan ramin da murya ke shiga, ta ɗaura masa auduga da zaren roba. Ta daina jawo hoto da yatsa, don ta ga yana farfashewa. In tana son fuska sai ta taka ta je kusa, ko da ta tsakiyar taro ne, tana gafara dai gafara dai tana ture manyan mutane. Ta daina ɗaukar dogon abu, don rezo, wato sabis ɗin waya, na Madarumfa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, sai ka wuni kana kallon abu yana juyawa. Ta san hasken hantsi da na la'asar sakaliya su ne masu kyau, na tsakar rana yana zurma wa mutum ido. Duk wannan ba wanda ya karanta mata. Ɓarna ta yi ta yi har ta gaji da ɓarna.

Mutane suka farga. Mai ɗa a Legas, mai miji a Agadas, mai suna, mai biki, kowa sai ya biyo ta gindin bedi. A nan ta haɗu da ciwon garin gaba ɗaya. Mutumin Madarumfa yana cikin raha, da zarar an nuna masa waya sai ya miƙe ƙiƙam, ya ɗaure fuska kamar an kira shi jandarmari gaban jami'an tsaro, ya fara jero gaisuwa: ina gaida wane, ina gaida wance, ina gaida wanda na manta. Minti biyar, ba a ga mutum ba, ba a ji labari ba. Ruƙayya ta yi faɗa, ta yi lallashi, a banza. Sai wata rana tana ɗaukar wani tsohon masunci da ya sandare mata, abokinsa ya zo wucewa ya ce masa ya ji jiya tarwaɗa ta ƙwace masa taru. Tsohon ya manta da waya, ya juya ya hau rantsuwa yana auna girman tarwaɗar da hannu. Wannan bidiyon 'ya'yansa a Kano suka yi ta yawo da shi. Tun daga ranar Ruƙayya ta kafa doka: ba ta ɗaukar wanda ke magana da waya. A ba shi aiki a hannu, a ba shi wanda zai yi wa magana.

Da ta ga hannunta ya faɗa, sai ta koma kan Inna. Ta zaɓi hantsi, ta kife turmi, ta goge ido, ta ɗaura auduga, ta ba Inna faifai da wake ta tsince. Komai ya zauna daidai. Inna ta tambaya, "Na wa ne?" Ruƙayya ba ta iya yi wa uwarta ƙarya ba. Inna ta aje faifan, ta gyara mayafi, ta dubi bango. "A gaida mutanen can. Muna lahiya. Allah shi tsare."

Wannan karon hoton ya fito tas, kowane layi na fuskarta ana gani. Usman ya yi godiya sosai, ya yaba aikin, sa'an nan ya ce, "Ashe Inna ta tsufa haka." Ruƙayya ta koma bakin kasko tana share ido, duk wanda ya tambaya ta ce hayaƙi ne. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta iya fito da dariyar duk garin, ta kasa fito da ta uwar da ta haife ta.

Sau ɗaya ta gwada sata. Ta laɓe bayan zana Inna tana hira da maƙwabciya, ta zura wayar ta wani rami. Inna ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ruƙayya, ni ba zabuwa ba ce da za a laɓe a kama. Hito." Ta fito kanta a ƙasa, ita da ke da 'ya'ya uku, ta goge abin a gaban Inna, ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba. Kuma ba ta ƙara ba.

Haka aka yi damina, aka yi kaka, aka sake wata damina. Mafitar da ta zo, a tsakar gida ta same ta, ba a cikin waya ba. Wata safiya Inna Kulu da Bushira, autar Ruƙayya mai shekara biyar, suka kaure da rigima a kan kan kifi. Inna ta ce nata ne tunda ita ta riga zuwa duniya, Bushira ta ce mai haƙori uku me za ta yi da kan kifi. Inna ta bi ta da muciya tana ɗingishin ƙarya, ta faɗi zaune tana wayyo cikina. Ruƙayya tana tsaye da tsintsiya ta bi su da kallo. Tsakanin kaka da jika ai babu kunya, sai tsiya da wasa. Kuma Usman yana da 'ya. Ya sa mata sunan Inna, Kulu, shi ya sa shi ma ba ya iya faɗin sunan, yake kiranta Inna ƙarama. Ga wadda za a yi wa magana tana can Abijan shekara biyar, ba wanda ya tuna da ita a wannan aikin. In an yi kira mai nuna fuska ubanta ne ke riƙe da waya, shi ya sa Inna ba ta taɓa tsayawa ta dube ta ba.

Ruƙayya ta jefar da tsintsiya ta kira yayanta. Ta ce ya ɗauki yarinyar ita kaɗai, kada ko inuwarsa ta fito, ya tsaya taga tana bayansa, ya goge idon waya tukuna. Ta gaya masa abin da yarinyar za ta ce. Usman ya ce, "Ke, Inna za a hwaɗa ma wannan?" Ta ce ya yi abin da aka sa shi.

Saƙon ya iso ranar Alhamis. Ruƙayya ta zauna kusa da Inna kamar ba komai, ta kunna. Wata 'yar yarinya mai kitso biyu ta cika fuskar waya, ta riƙe ƙugu.

"Ke tsohuwa! An ce ke kika ɗauke mani suna. Ki maido mani abuna!"

Daga bayan wayar ana jin raɗar namiji yana tuna mata sauran, yarinyar ta ƙara da cewa, "Kuma an ce ba ki iya rawa ba."

Inna Kulu ta ji raɗar nan sarai, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta saki baki, ta dafa ƙirji. "Ni? Ni na ɗauki sunanta? Wagga 'yar da ba ta kai tsawon tabaryata ba? Ruƙayya, ina abin naki? Kawo shi nan in ba ta amsa!"

Ruƙayya ba ta taɓa kife turmi da sauri irin na ranar ba. Ta soke wayar cikin gero, ta jawo tabarma inda hasken hantsi ke faɗowa, ta latsa, ta ja da baya ta toshe bakinta da mayafi. Ba atamfar Sallah, ba kujera. Inna da tsohon zanenta na aiki ta matso har kusa, ta nuna wayar da yatsa.

"Ke takwara, buɗe kunnenki. Sunan ga shekara saba'in ina amfani da shi, aro na ba ki, kuma kullum in na so sai in amshe abuna a koma kiranki Kande. Rawa kuwa, tambayi garin ga wa ya kai ni!"

Ta miƙe ta taka, ta juya, ƙugu ya ce ƙas, ta dafa bango. Abin ya ba ta dariya ita kanta. Ta zube a tabarma tana dukan cinya, haƙoran nan uku a waje, hawaye na zuba, tana wayyo cikina, wayyo takwara kin kashe ni. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ta jawo akuya ta nuna wa yarinyar, ta ce ta aje mata ita amma sai ta zo da ƙafarta, ta kuma yi mata alkawarin kan kifi mafi girma a tafki. Da dariyar ta lafa, ta share ido, ta gyara zama. Muryarta ta sauka.

"Takwara, in aike ki. Wanda ke riƙe maki wayar nan yana maki raɗa, ki ce mashi na ji muryarshi kamar da mura. Shi bar kwana gaban iska. Ki ce shi riƙa cin abinci da sahe kahin shi hita. Ki ce ba ranar da ba a sa shi a addu'a. Kin jiya? To, tashi ki ba ni wuri."

Minti uku da 'yan kai ne. Ruƙayya, mai faɗan a gajarta, ba ta yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Ta hau moton Ilyasu suka je kan tudu inda rezo ya fi ƙarfi, suka zauna a rana har abin ya gama tafiya.

Usman bai kira ba ranar. Washegari da hantsi amsa ta zo. A bidiyon Usman ya jingina wayar da wani abu a kan tebur, Inna ƙarama tana tsakiya tana kwaikwayon rawar kakarta, har da dafa bango da wayyo cikina. Shi kuma yana zaune can gefe a ƙasa, rabin fuskarsa kawai ya shigo, ido ɗaya da gefen gemu da furfura ta fara taɓawa. Yana dariya, yana kai hannu yana goge idon.

Ruƙayya ta riƙe wa Inna wayar. Inna ta kalla har ƙarshe tana tsaki tana cewa yarinyar nan ba ta da ta ido, ta ce a sake. Aka sake. A karo na uku ta karɓi wayar da hannunta, ta kai ta kusa da fuska. Ruƙayya tana gefenta, tana ganin inda idon tsohuwar ya tsaya. Yarinyar tana ta tsalle a tsakiya, idon Inna yana can ƙasa a kusurwar hagu, bai motsa ba.

Bidiyon ya ƙare. Inna Kulu ta miƙo wayar ba tare da ta dubi 'yarta ba.

"Sake kunna shi," in ji ta. "Ban ga takwarar tawa da kyau ba."